Me ke cikin tsohuwar amfilifayar jita da har ta kai kuɗin mota?

Wani matashi mai koyon jita ne ya aiko min da wannan tambaya: "Yaya, duk sanda na leƙa wuraren sayar da kayan kiɗa a intanet sai in ga tsohuwar amfilifaya, wadda ta girmi babana, rigarta duk ta koɗe, an sa mata kuɗin da zai sayi mota. Ga shi kuma manhajar da ke wayata tana ba ni sautin rok kyauta. Shin akwai wani abu a cikin tsofaffin nan, ko rigimar masu kuɗi ce kawai? In na ci karo da ɗaya a gwanjo, in saya?"

Ƙanena, tambaya biyu ka ƙulle wuri ɗaya, kuma amsarsu ta sha bamban. Akwai abu a cikinsu, babba ma kuwa: sautin da duniya ke kira rok a cikin waɗannan akwatunan ƙara sautin jita aka haife shi, har manhajar da ke wayarka su take kwaikwayo. Kuɗin da ka ga an maƙala musu kuma, yawancinsa kuɗin tarihi ne. Ka yi haƙuri in na yi tsawo, don sana'ata ka taɓo. Da rediyo mai bawul na fara koyon gyara a shagon maigidana, kuma yau sama da shekara talatin hannuna bai rabu da dalma ba.

Ka fara riƙe wannan: waɗanda suka ƙera su ba wannan sautin suke nema ba. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin da yawa daga cikinsu, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. A 1938 ya buɗe shagonsa, kuma shi ba makaɗin jita ba ne. Abokan cinikinsa na farko makaɗan karkarar Amurka ne, masu son kowace tsirkiya ta fita tas kamar ƙararrawa. A wurin injiniyan wancan zamani, in sauti ya dishe ya fara gurnani, to aibi ne da za a nemi maganinsa. Makaɗa ne suka murɗe mamurɗin har ƙarshe, saboda ganga da hayaniyar masu rawa sun danne su. Na'ura ta fara kuka, su kuwa suka ji kukan ya fi muryarta ta asali shiga jiki.

Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Kaɗa ta ba a jone ba, na ɗakin gaba ba zai san kana yi ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiya na girgiza sai 'yar wuta ta haifu a cikin wayar, wadda galibi ba ta kai volt ɗaya ba. Aikin amfilifaya ta ɗauki wannan 'yar wutar ta girmar da ita har ta iya tura takardar lasifika gaba da baya. A tsofaffin, bawul ne ke wannan aiki. 'Yar kwalba ce da aka zuƙe wa iska, kamar kwan fitila. A tsakiyarta akwai ƙarfe da ake zafafawa har ya yi ja, yana zubar da ƙwayoyin lantarki. A kewaye ga wani faranti mai ɗauke da volt ɗari-ɗari yana janyo su. A tsakaninsu kuma wata 'yar raga, wadda Lee de Forest ya ƙara a 1906, tana tsaye kamar mai tsaron ƙofa. A kan ragar nan 'yar wutar jita take sauka. Tana ɗan motsawa sai ƙofar ta buɗe ko ta tsuke, babbar wuta ta bi sawunta.

Kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta wucewa. Bambancin yana wurin yadda take isa iyakar. Tuna awon hatsi a kasuwa. Wani mai awo in mudu ya cika sai ya sa hannu ya shafe bakinsa, duk abin da ya haura ya zube. Wani kuma yakan ci gaba da zubawa har ya yi tozo, gero na gangarowa kaɗan-kaɗan, ba ka iya nuna daidai inda ya cika. Amfilifayar farko-farko mai taransista, ɗan ƙanƙanin abin da ya gaji bawul, mai shafewa ce: sauti na nan garau, sai kwatsam ya kai iyaka a aske masa kai, ka ji ƙara mai kaifi kamar ana keta langalanga. Bawul mai tozo ne. Yana lanƙwasa kan igiyar sautin a hankali, kuma duk sanda aka lanƙwasa igiyar nan wasu sautuka kan haifu a samanta, ninki biyu, ninki uku na uwar sautin. In lanƙwasar mai taushi ce, na kusa-kusa ne ke rinjaye, masu jituwa da uwarsu, sai murya ta yi kauri. In askewa ce, na can sama masu tsini ke yawa, kunne ya gaji. Sannan tun da an danne ƙarfin bugun farko, wutsiyar sautin ba ta saurin mutuwa: tsirkiya ɗaya sai ta daɗe tana kuka kamar ta goge.

Ba bawul kaɗai ke aikin ba. Ka san yadda ƙaramin janareta ke nishi in an jona dutsen guga, wuta ta ɗan dushe sannan ta dawo? Yawancin tsofaffin nan haka suke. Ka daki tsirkiyoyi shida gaba ɗaya da ƙarfi, wutar cikinta ta ɗan rusuna, sannan ta miƙe, sai ka ji sautin kamar yana numfashi. Taransifoman da ke tsakanin bawul da lasifika shi ma yana da nasa ɗanɗano. Ita kuwa lasifikar jita, rauninta ne amfaninta: abin da ya haura girgiza kusan 5,000 a daƙiƙa ba ta iya fitar da shi sosai, don haka tana tace tsinin nan. Jarraba ka haɗa gurnanin jita kai tsaye da manyan lasifikokin biki masu fitar da komai, za ka ji kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani.

In ka tara waɗannan, ga abin da makaɗi ke samu: ya shafa tsirkiya a hankali, sauti ya fita garau; ya ƙara nauyin hannu, ta yi gurnani; ya sassauta, ta lafa. Bai taɓa mamurɗi ba, bai taka komai ba. Shi ya sa nake gaya wa yaran shagona cewa a kiɗan rok amfilifaya rabin kayan kiɗan ce. Da jita da ita ake kaɗawa tare.

Kuma wannan bai kamata ya zama baƙo ga kunnen Bahaushe ba. Dubi ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a ƙarshen wuyan garaya. Dubi zaren da ake ɗaurewa a kan fatar ganga don ta yi ziza. Saurari algaita. Ba wanda ya taɓa cewa a cire musu wannan amon don su fita garau. In ka cire ma, masu ji za su ce kiɗan ya yi lami. A Amurka kuwa, baƙaƙen fata masu kiɗan blues a Memfis da Shikago suna cikin waɗanda suka fara rungumar gurnanin amfilifaya tun farkon shekarun 1950, kafin a san sunan rok.

Tarihin ma cike yake da kayan da suka lalace. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Misisifi zuwa Memfis ɗaukar faifai a situdiyon Sam Phillips, amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta lalace a hanya. Aka cusa takarda a cikin akwatin don a tallafi lasifikar, aka ɗauki "Rocket 88" da dishewarta, kuma da yawa suna ƙirga faifan nan cikin na farkon rok. A 1958 Link Wray ya sa fensir ya huhhuda lasifikarsa da gangan kafin ya ɗauki "Rumble", kiɗa ne zalla ba ko kalma ɗaya, amma wasu gidajen rediyo suka ƙi sa shi don sun ji kamar kiran faɗa ne. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga takardar lasifikar wata 'yar koriyar amfilifaya mai suna Elpico, ya zuba sautinta cikin wata babba. Da wannan aka yi "You Really Got Me".

Akwatin da ya fi kowane zuri'a kuwa, ba don jitar da ka sani aka yi shi ba. Fender Bassman, wadda ta fito a 1952, an yi ta ne don jitar bes mai kaurin murya. Zuwa 1959 ta zama akwati mai lasifika huɗu 'yan inci 10, bayanta a buɗe, ƙarfinta wat arba'in da 'yan kai. Masu bes ba su yi na'am da ita sosai ba, masu jita suka ɗauke. A Ingila kuma, inda kayan Amurka ke da wuyar samu da tsada, Tom Jennings da Dick Denney suka ƙera Vox a garin Dartford: AC15 a 1958, AC30 a 1959. Ƙananan bawul huɗu samfurin EL84 ne a cikin AC30, kuma Denney bai sa mata dabarar nan da injiniyoyi ke amfani da ita don ladabtar da sauti ba, wato mayar da wani ɓangare na abin da ya fita zuwa ciki don ya goge kuskure. Saboda haka tana da wuri ta fara ƙyalli da ɗan gurnani. Ita ƙungiyar Shadows ta riƙe, ita ƙungiyar Beatles ta tashi da ita, kuma Brian May na Queen har yau a kanta yake.

A nan Jim Marshall ya shigo, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Makaɗin ganga ne mai koyar da ganga, yana da shago a unguwar Hanwell a yammacin Landan. Ɗalibansa kan zo da abokansu masu jita, irin su Pete Townshend da Ritchie Blackmore, suna ƙorafin abin da suke so babu, wanda ke akwai kuma ya fi ƙarfin aljihunsu. A 1962 Marshall da ma'aikacinsa Ken Bran da wani saurayi mai suna Dudley Craven suka buɗe Bassman, suka bi zanen wayoyinta kusan ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa tasu da kayan da ake samu a Ingila. Suka kira ta JTM45, harufan sunan Jim da ɗansa Terry. Zane ɗaya ne, amma murya ta fito daban. Bawul ɗin farko da suka sa, ECC83, ya fi na Fender ƙarfin ɗagawa, don haka tana saurin kai wa tozo. Taransifoman daban ne. Lasifika kuma huɗu ne na kamfanin Celestion 'yan inci 12, a cikin akwati mai rufaffen baya, wanda ke tura sauti gaba kamar naushi maimakon ya watsa shi ko'ina. Daga baya suka koma bawul samfurin EL34, muryar ta ƙara tsauri a tsakiya. Duk mai gyara ya san darasin nan: zane ɗaya a hannun mutum biyu, da kaya daban, na'ura biyu ce. A 1966 Eric Clapton ya shiga situdiyo tare da John Mayall da wata Marshall ƙarama, ya murɗe ta kamar yana kan dandamali, ya ƙi ragewa duk da injiniyoyin ba su saba da haka ba. Sautin faifan nan ya zama abin da samarin Ingila da Amurka suka yi ta nema shekara da shekaru.

Sai maganar girma. Ka tuna a lokacin ba a da manyan na'urorin fili irin na yau, da za a sa wa ƙaramar amfilifaya makirufo a isar da ita ga jama'a. Abin da ke bayan makaɗi shi ne zai kai ƙarshen fili. Ranar 15 ga Agusta 1965 Beatles suka yi wasa a filin Shea na birnin New York gaban mutum sama da 55,000, da Vox mai wat 100, amma ihun jama'a ya haɗiye kiɗan har su kansu ba sa jin juna. Shekara ɗaya bayan nan suka daina yawon wasa. A wannan shekarar ta 1965 Townshend da John Entwistle na ƙungiyar Who suka matsa wa Marshall ya yi musu mai wat 100. Ya yi. Townshend ya ce a zuba lasifika takwas a akwati ɗaya. Masu ɗaukar kaya suka ji a bayansu, aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Wannan shi ne asalin bangon baƙaƙen akwatunan da kake gani a bayan makaɗan rok. Wani abu da mutane ba sa ganewa: wat 100 ba ta ninka wat 50 a kunne. Sai ka ninka ƙarfi kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. Abin da yawan wat da lasifika ke bayarwa shi ne iska mai bugun ƙirji, mai komowa ta girgiza tsirkiyar da ta haife ta. Kukan nan da lasifika ke yi in makirufo ya kusance ta, wanda kowa ke toshe kunne a wurin taro, Jimi Hendrix ya mayar da shi kiɗa bayan zuwansa Landan a Satumba 1966: yana matsowa kusa da akwati, yana juya jiki, yana zaɓar sautin da zai bari ya yi kuka.

Wasu suka biyo baya, Hiwatt, Orange, Laney da Tony Iommi ya riƙe a Birmingham, Ampeg mai wat 300 ta masu bes. An biya farashi kuwa. A 1976 an auna ƙarar wasan ƙungiyar Who a filin ƙwallon Charlton ta kai desibel 126, abin da ya wuce inda kunne ke fara jin zafi. Townshend da Clapton duka sun faɗa da bakinsu cewa kunnuwansu sun lalace. Kai da ke koyo yanzu, wannan ɓangaren na gadon kada ka karɓa.

Ga abin da zai ba ka mamaki. Sautuka da yawa da ka ji a faifai ka ɗauka bango guda ne na akwatuna, daga 'yan ƙanana suka fito. Faifan Led Zeppelin na farko, na 1969, Jimmy Page da 'yar ƙaramar Supro ya yi yawancinsa. Neil Young ya shafe shekaru da wata Fender Deluxe ta 1959 mai wat kusan goma sha biyar, har aka ƙera masa na'urar da ke murɗa masa mamurɗanta in ya taka da ƙafa. Dalili a fili yake: ƙarama tana kai wa tozo ba tare da ta rushe ɗaki ba, makirufo kuma bai san girman akwati ba. A ganina wannan ya fi duk tarihin manyan filaye amfani gare ka.

Daga nan tarihin ya koma neman gurnani ba tare da ƙara ba. Randall Smith a Kalifoniya ya fara cusa babban ƙarfi cikin ƙaramar Fender Princeton, daga baya ya jera bawul wani na tura wani, aka samu Mesa/Boogie wadda Carlos Santana ya shahara da ita. A tsakiyar shekarun 1970 Marshall ya ƙara mamurɗi na biyu, ɗaya na cika bawul ɗin farko, ɗaya na rage abin da zai fita. Eddie Van Halen shi kuwa rage wa tsohuwar Marshall ɗinsa wutar da ke shiga ya yi. Kada ka ɗauka taransista bai yi komai ba. Ba na cikin masu raina shi. Roland JC-120 da Japanawa suka fitar a 1975 babu bawul ko ɗaya a cikinta, kuma garau ɗinta ya cika faifan shekarun 1980. B.B. King ya daɗe da amfilifayar taransista, ba wanda ya ce muryar jitarsa ta rasa rai.

Sannan kwamfuta ta zo, da na'urori masu kwaikwayon sautin amfilifaya. Line 6 POD a 1998, Axe-Fx a 2006, Kemper a 2011 wadda ke sauraron amfilifaya ta kwafi halinta. Na farkon sun yi nisa da asali. Na yanzu, in an ɗauka a faifai tare da ganga da murya, kunnuwa ƙalilan ne za su bambance, kuma manyan ƙungiyoyi irin Metallica da su suke yawon duniya. Amma buɗe manhajarka ka karanta sunayen da ke ciki. Za ka ga an ɗan sauya su saboda haƙƙin mallaka, amma Bassman ce, AC30 ce, Marshall ɗin shekarun 1960 ce. Injiniyoyi sun zauna suna rubuta lissafin yadda wuta ke rusunawa da yadda takardar lasifika ke kasawa. Aibin da Leo Fender ya yi ta yaƙi da shi, yau ana biyan mutane albashi don su kwafe shi daidai. Abin da ya rage, wanda ni nake ji, shi ne na tsayuwa a gabanta: yadda take amsa hannu nan take da yadda iskar ɗaki ke komowa kan tsirkiya. Mai sauraro ba zai ji wannan ba, mai kaɗawa ne ke ji, kuma yana sauya yadda yake kaɗawa.

Ba sai ka je Landan ba kafin ka ga yadda abin ya faru. Je bikin aure a Agadas. Samarin Abzinawa kan jona jita da duk amfilifayar da ta samu, a kan janareta, a fili, su murɗe ta har ƙarshe don ganga da guɗa kada su danne su. Matsalar da makaɗan Memfis suka fuskanta ce, maganin ma iri ɗaya. Daga irin wuraren nan Bombino da Mdou Moctar suka fito, shi Mdou ma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Yau masu tsofaffin akwatuna masu tsada a Turai da Amurka suna sayen tikiti don su ji su.

To, kuɗin fa? Ƙarancinsu ake saye, da sunan wanda ya riƙe irinsu, da kuma cewa ba a taɓa su ba. A Janairu 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13, kuma tun daga nan duk abin da aka ƙera kafin cinikin yake da nasa farashi. Alexander Dumble, wani maƙerin amfilifaya da ya rasu a 2022, kusan 300 kawai ya ƙera a rayuwarsa, ɗaya-ɗaya da hannu, shi ya sa guda kan haura dala dubu hamsin. Mai tara kayan tarihi yana son ya ga dalmar masana'anta ba a narkar ba. Ni mai gyara, in na ga amfilifaya mai shekara sittin da ba a taɓa ba, na san kafasitocinta, wato kayan da ke ajiye wuta a cikinta, sun bushe, kuma ƙananan kayan cikinta sun kauce daga ƙimarsu. Tun suna sababbi ma an yarda su kauce da kashi 10 ko 20 cikin ɗari, don haka biyu da suka fito wata ɗaya ba lallai muryarsu ta zo ɗaya ba. Zanen kuwa ba asiri ba ne. Fender da kansu sun sake fitar da Bassman ta 1959 a 1990. Champ, 'yar autarsu mai wat biyar, bawul uku ne kawai a cikinta, ƙwararren mai gyaran rediyo zai iya haɗa irinta in ya samu taransifoma mai kyau. Bawul ɗin ne abin damuwa: masana'antun Amurka da Ingila sun daina yin na jita tun tuni, yanzu daga Saratov a Rasha, da Sulobakiya, da Sin ake samun yawanci, kuma da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 farashinsu ya tashi.

Sau ɗaya wata babbar Fender mai farar fuska, irin ta shekarun 1970, ta zo teburina. Ta wata ƙungiyar makaɗan otal ce da ta watse, ta yi shekaru a ɗakin ajiya. Da na zare ƙarfen cikinta na tarar da gidan zanzaro a manne da taransifoma, ƙura ta yi kauri kamar an yayyafa gari, kafasita biyu sun kumbura sun fitar da farin gishiri a baki. Amma wayoyin, kowace an ja ta da hannu daga ƙusa zuwa ƙusa a kan allo, kana iya bin ta da ido kamar taswirar unguwa. Kwana uku na yi a kanta. Daren da na kunna ta na kashe fitilar shago. Bawul suka fara ja a hankali kamar garwashi, warin tsohuwar ƙura mai zafi ya tashi, sai wani ɗan huci daga lasifika. Mai ita, dattijo ne da ya bar kiɗa da daɗewa, ya karɓi jita ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya bar ta tana kuka har ta mutu da kanta, bai ce komai ba. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai gyara shi ne an ƙera ta don a gyara ta. Ba na jin na'urorin yau da yawa za su karɓi irin wannan gyaran bayan shekara hamsin.

In ka tambaye ni me za ka yi da kuɗinka yanzu, ci gaba da manhajarka, ka sayi lasifika mai kyau, ka sa sauran a tsirkiya da lokacin koyo. In hali ya yi, ƙaramar mai bawul, wat 5 zuwa 15, sabuwa ko tsohuwa, za ta koya wa hannunka abin da babba ba za ta koya masa ba a cikin gida.

In kuwa ka ci karo da tsohuwa a gwanjo da kuɗi mai sauƙi, saya, amma kada ka bari a jona ta a wurin don a gwada maka. Duba bayanta tukuna. Ta Amurka wutar wan-ten take ci, tamu kuwa tu-tuwanti ce. Na ga wadda aka jona kai tsaye, cikin daƙiƙa kaɗan taransifoman ya ƙone, kuma shi ne mafi tsada da wuyar samu a cikinta. Sai da taransifoman rage wuta, da sitabilaiza in janareta za ka yi amfani da shi. Kada ka kunna mai bawul ba lasifika a jone, ko da na ɗan lokaci ne, kuma lambar om (ma'aunin tirjiya ga wuta) da ke jikin lasifikar, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ta amfilifayar. Kada ka sa hannu a ciki: akwai volt 400 zuwa 500, kuma kafasita na riƙe wuta bayan an zare filogi. Da yawa daga cikin tsofaffin na Amurka filoginsu ƙafa biyu ne, babu wayar ƙasa, kuma tsirkiyar da ke hannunka haɗe take da ƙarfen jikinta. Makaɗin jita Les Harvey a kan dandamali wuta ta kashe shi a Swansea a 1972, Keith Relf na Yardbirds kuma a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Don haka aikin farko a sa mata filogi mai ƙafa uku, a tabbatar gidan ma yana da wayar ƙasa ta gaske.

Kai ta wurin dattijon mai gyara da ya taɓa aiki da bawul. Ka ce ya sauya manyan kafasitocin, ya ajiye maka tsofaffin a leda saboda ranar sayarwa, kuma kunnawar farko ya bi da wutar ta cikin tsohon kwan fitila mai zare, wat 100. In kwan ya haska ya tsaya da haskensa, a kashe nan take, akwai inda wuta ke gudu. In ya haska sannan ya dushe, a ba ta minti ɗaya ko biyu bawul su yi ja. Sannan ka jona jita, ka fara daga lamba 2, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan kana kaɗa tsirkiya ɗaya, har ka ji inda mudun ya fara tozo.